Jinin Auta

Mutum bakwai aka tsira wa allura a ɗan yatsa ranar Laraba, kuma a cikinsu jinin mutum ɗaya ne ya zo daidai da na Yaya. Na Auta ne, ƙaninta mai shagon aski.

Yaya ce za a yi wa aiki. Ƙari ne a mahaifarta, shekara biyu yana tsotse mata jini, har matar da muryarta ke cika tashar bas inda take yankar tikiti ta koma sai ta huta sau biyu kafin ta gama hawa bene ɗaya. Wata huɗu ta yi a layi kafin aka sa mata rana, Alhamis ta sama. Likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga leda biyu ta jini a ajiye, ga shi irin nata rukunin wuyar samu gare shi. Asibitin na da leda ɗaya. Ta biyun ce ta sa mijinta ya kwaso dangi kamar za a ɗauki hoto, aka jera su a kan benci, kowa da auduga a yatsa.

Nas ɗin ɗakin jini, wata doguwa mai gilashi rataye a wuya, ta ce wa Auta ya dawo ranar Talata da safe, domin a samu kwana biyu a tantance jinin kafin aikin. Ta ce ya riƙa ci yana ƙoshi, ya kuma samu barci. Yaya ta kai masa duka a baya da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Dama na san ba a banza na goya ka ba," in ji ta.

Kowa ya yi dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai zuci ba.

Wata takwas ke nan Auta yana haɗiyar wata 'yar farar ƙwaya kowace safiya. Maganin ciwon damuwa ne. Kafin ya fara, wata uku ya yi yana buɗe shago sai rana ta take, wani lokaci ma ba ya buɗewa, yana kwance fuskarsa a bango, ba ciwon kai ba zazzaɓi, kawai duniyar ce ta fita daga ransa. Matarsa ce ta ja shi asibiti da kuka da faɗa. Daga ita sai likitan suka sani. Dangi an ce musu ciwon baya ne, aikin tsayuwa.

Yaya kuwa ita ce ta ƙarshe da zai so ta ji. Mahaifiyarsu haka ta ƙare shekarunta, a ɗaki, labule a sake, ba ta magana sai an yi mata, maƙwabta suna kiran abin da sunan da ba shi da daɗin ji. Yaya tana 'yar shekara goma sha biyar ta riƙe gidan, ta yi dambe da duk yarinyar da ta yi musu gori a bakin famfo. Har yau in zancen ya biyo ta kusa sai ta ɗaure fuska ta ce abin ya tafi da mai shi, su kam Allah ya tsare su.

Tsoro biyu ne suka raka shi gida daga asibiti. Na farko, jinin da ya sha wata takwas yana jiƙa da magani za a ɗura wa mace mara ƙarfi, a lokacin da aka sa ta barci aka buɗe cikinta. Wa ya san abin da zai yi mata? Na biyu, in masu tantancewa suka leƙa jinin da na'urarsu suka ga maganin, za su rubuta a takarda, kuma babu takardar da za ta shiga hannun Yaya ba ta karance ta har lambar ƙasa ba. Ya so ya tambayi nas ɗin, amma da wane baki, ga mutum shida a kan benci kowa ya baza kunne?

Da yamma ya rufe shago da wuri, ya wuce kemis biyu da aka san shi, ya shiga na uku a can bayan gada. Ya ce wa matar da ke ciki wani mai zuwa aski wurinsa ne ya aiko shi da tambaya, ya nuna mata hoton kwalin a wayarsa. Mutumin yana so ya san kwana nawa abin ke yi a jiki in an daina sha.

Mai kemis ta dube shi ta saman teburinta, irin duban wadda aka sha aiko wa mutane da tambayar wasu. Ta ce irin wannan, a jikin yawancin mutane, rabinsa ke fita a kwana ɗaya. Washegari rabin abin da ya rage ya fita, haka dai. A kwana biyar zuwa shida kusan duk ya tafi, ko da yake jiki ya bambanta, kuma akwai wasu irin da ke yin makonni. Daga nan ta ƙara wata magana mai tsawo, cewa mai askin nan ya gaya wa mutuminsa kada ya kuskura ya yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali. Auta yana gyaɗa kai, amma hannunsa na cikin aljihu yana lanƙwasa yatsu. Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Shida cif. Sai ya ga kamar don shi aka tsara kwanakin, ya yi godiya ya fita.

Matsalar farko matarsa ce. Tun farkon ciwon ita ke riƙe katin maganin a saman firij, ita ke ɓallo ƙwayar ta ajiye masa a gefen kofin shayi, kuma ba ta ɗauke ido sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ranar Alhamis ya ɓoye ƙwayar a kunci, ya kurɓi shayi, ya fita ya tofar a kwata. Ɗacin ya bi shi har shago, kuma duk wunin ranar yana tunanin ko abin da ya narke a bakinsa ya ɓata masa lissafi. Daga ranar sai ya koyi kai hannu baki babu komai, ƙwayar tana maƙale tsakanin yatsu, daga nan ta faɗa aljihun wando.

Auta mutum ne da sai ya ga abu da ido yake yarda. A shago ya samu kwalbar ruwa, ya ɗiga mata baƙin dayin da yake shafa wa masu ɓoye furfura, ya girgiza har ta yi baƙi ƙirin. Wannan ce Laraba. Ya zubar da rabi, ya cika da ruwan famfo, ya ajiye ta a bayan gwangwanin hoda. Kowace safiya kafin ya share gashin jiya haka zai yi, ya ɗaga ta saitin ƙofa ya duba yadda jininsa yake ciki. Tsakanin wannan kai da wancan kuma yana ɗirkar ruwa kamar raƙumi, yana zaryar bayi, wai yana taya jikin wanki.

Alhamis da Juma'a lafiya lau. Har wani sauƙi ya ji, ya fara raya wa kansa ko dama tuni ya warke, likita ne kawai bai lura ba.

Asabar ce ta nuna masa kuskurensa, kuma ta zaɓi ranar da benci ke cika tun safe. Yana cikin yi wa wani aski, ya ɗaga ido daga ƙeyar mutumin zuwa madubi, sai ya ji wani abu ya yi zut a cikin kansa, kamar ya taɓa wayar kilifa da jiƙaƙƙen hannu. Ya kashe kilifar ya duba wayar, ya duba soket. Lafiyarsu ƙalau. Ya kunna, ya sake ɗaga ido, abin ya sake yi. Mai aski kuwa aikinsa ke nan, ido a kai, ido a madubi, sau ɗari a kan mutum ɗaya. Kafin azahar ya koma juya wuyansa gaba ɗaya kamar wanda ya kwana a kan mugun filo, har wani a benci ya tambaye shi ko amarya ce ta murɗe masa wuya. Warin sifirit, da ya shekara goma sha biyu yana shaƙa bai san yana yi ba, ya fara tayar masa da zuciya. Ƙasan shagon kuma ta riƙa karkata kaɗan, ta dawo.

Ya ji tsoro sosai, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai san wane ne ke ƙwanƙwasa ba: maganin ne ke fita, ko ciwon ne ke dawowa.

Ranar Lahadi Yaya ta kira shi gida. Ta sa an dafa masa hanta da ganye cike da kwano, ta zauna a gabansa tana ƙirga lomarsa, tana kiran sa bankin jininta. Leɓunanta sun yi fari, in ta yi dariya sai ta dafe ƙirji ta jira numfashi. Jakarta ta asibiti na jingine a bayan ƙofa, a shirye tun mako biyu da suka wuce. Ta ba shi labarin yadda za ta koma tasha, da wanda za ta fara wankewa tas a cikin direbobin da suka raina yarinyar da ke riƙe mata tagar tikiti. Ya tura abincin da ƙyar, gumi na bin bayansa. Da ta tambaye shi me ya sa idonsa ya faɗa, sai ya ce tsoron allura ne. Ta yi masa tsiya son ranta, ƙato da shi, mai wasa da reza a wuyan mutane.

A hanyar gida ya amayar da komai a gindin wata bishiya, ya tsaya yana kallon abin kamar ya yi asarar jinin da kansa.

Litinin da hantsi malamin lissafi ya zo, wani tsoho mai sanƙo da ke biyan kuɗin cikakken aski a kan gashin da bai kai cikin cokali ba. Idonsa ya kai kan kwalbar, wadda yanzu ta koma kalar ruwan da aka ɗauraye kofin shayi, ya tambaya. Auta ya ce gardama suka yi da wani: in kullum ana zubar da rabi ana cikawa, ran nawa dayin zai ƙare ƙaf?

Ai kuwa ya taɓo wa malam inda ke masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama a ƙarƙashin mayafin aski ya ce ba zai ƙare ba. Rabin rabi rabi ne, shi ma yana da rabi. Ko shekara dubu za a yi ana zubarwa, a lissafi dai akwai saura. Ya ce shekara talatin yana koya wa yara wannan, suna kallon sa kamar ya zare, yau ga mai aski ya gano da kwalba.

"To amma a kwana shida fa, Malam?"

"Kashi ɗaya cikin sittin da huɗu. Kaɗan ne. Amma yana nan."

Auta ya ɗaga ido ya dubi kwalbar ta cikin madubi, abin nan ya yi zut, rezar ta zame ta kama saman kunnen malam. Kunne kuwa ba ya rowar jini. Kafin ya lalubo auduga ya gangaro har wuyan riga. Malam bai yi faɗa ba, ya ce dai shekara tara yana zama a kujerar nan ko ƙwarzane bai taɓa samu ba, ya kuma tambaye shi ko lafiya. Auta ya danne kunnen da auduga. Bayan malam ya tafi ya sallami mutum biyun da ke jira, ya ja ƙofar shago.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida da bokitin wanki a gabanta, ba ta wankin. A kan murfin bokitin ta jera ƙwayoyi uku, ɗaya ta fara narkewa. Wandonsa na jiya na hannunta. Ta aiki 'yarsu gidan maƙwabta, ta jira har aka rufe ƙofa.

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da rabi da rabin rabi. Ta saurara ba ta katse shi ba, abin da ba halinta ba. Da ya gama ta tambaye shi wane likita ne ya ce a yi haka. Ya ce babu. Ta tambaye shi ko an ce masa maganin zai cuci Yaya. Ya ce ba sai an faɗa ba, hankali ma ya isa.

"Baban yarinya, ni na ga wata ukun nan," ta ce. "Ba Yaya ba. Ni na riƙa sa kunne a bayanka in ji ko kana numfashi. In ka koma can, ban san ko zan iya sake jawo ka ba."

Ya ce saura kwana ɗaya. Gobe war haka an gama, zai haɗiye duk abin da ta ba shi, ko katin ne gaba ɗaya. Ta ce ya kira likitansa yanzu, ga waya. Ya ce in ya kira za a ce ya koma kan magani, lissafi ya rushe, Yaya ta rasa ranarta. Da ta ɗauki wayar da kanta sai ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun da suka yi aure, sannan ya zauna a bakin ƙofa ya fashe da kuka, shi kansa bai san daga ina kukan ya zo ba. Ta ajiye wayar. Ta ce kwana ɗaya, kuma gobe ƙafarta ƙafarsa.

Talata ya tashi da ciwon kai da mafarkai marasa kan gado manne a idonsa. Burodin da ya tura bai zauna ba. Ya dage sai sun biya ta shago, ya zubar da rabi na ƙarshe, ya cika, ya ɗaga kwalbar a hasken safiya. Wanda bai sani ba zai ce ruwa ne. Shi kam yana ganin wani ɗan duhu-duhu a ciki, ko kuma idonsa ne, ya kasa tantancewa. A cikin bas ya rufe ido har suka isa, don kada gine-ginen da ke wucewa su tayar masa da abin nan.

A ɗakin jini aka ba shi fom. Matarsa ta zauna a benci a waje. Layi na tara ya tambaya ko yana shan wani magani a halin yanzu. Ya daɗe a kan layin, sannan ya rubuta a'a, yana gaya wa kansa ai ba ƙarya ya yi ba.

Nas mai gilashi ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogo. Ta tambaye shi ko da gudu ya zo. Ya ce a bas. Ta tambaye shi ko ya karya. Ya ce ya taɓa. Ta ce ya tashi ya hau sikeli, yana tashi ɗakin ya juya, ya kai hannu zai dafa bango ya samu iska. Da ya dawo hayyacinsa yana zaune a ƙasa, kansa a tsakanin gwiwoyi, hannun nas ɗin a ƙeyarsa.

Ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ta jawo kujera ta zauna daidai shi, ta ce yanzu daga ita sai shi, ya gaya mata abin da fom bai faɗa ba.

Ya faɗa. Bai taɓa faɗa wa wani da bakinsa ba, sai ga shi ya fito a jimla huɗu. Ya nuna mata hoton kwalin. Ya yi sauri ya ƙara da cewa kwana shida ke nan rabonsa da shi, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin sittin da huɗu, in ma da akwai.

Ta sa gilashinta ta dubi hoton, ta cire.

"Wa ya ce maka wannan yana hana ba da jini?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ba ya hanawa. Da kana shan abinka kana lafiya, da yanzu kana kan gadon can ana ɗiba. Ɗan abin da zai bi leda ɗaya bai isa ya yi mata komai ba. Tantancewar ma ba shi muke nema ba, cututtuka muke dubawa."

Ashe duk a banza ne. Duk ruwan da ya sha, da aman, da kunnen malam, da tsawar da ya yi wa matarsa. Sai kuma wani ɗan haske ya zo masa, ya ce to ai shi ke nan, tunda ba ya hanawa, a ɗiba. Ya fara naɗe hannun riga.

Ta ce a'a. Zuciyarsa na gudu fiye da abin da doka ta yarda, ga jiri, ga ciki babu komai. Ba za ta cire jini daga jikin mutumin da ya kasa tsayuwa a kan sikeli ba. Ya roƙe ta. Ya ce ta bar shi ya huta awa ɗaya, ya sha lemo, ya dawo. Ya ce gobe fa. Ya ce in ya haɗiyi ƙwayar yanzu fa. Ta ce wannan tsakaninsa da likitansa ne, kuma yau ɗin nan zai je, amma ba ta sa ran jikinsa zai daidaita a kwana ɗaya, jinin kuma yau ake bukatar sa in ana so ya riski Alhamis. Za ta buga waya wasu asibitoci ko za a dace, sai dai tun makon jiya take bugawa. Abin da ya gaya mata ba zai fita daga ɗakin ba; za ta rubuta cewa mai ba da jini ba shi da lafiya yau, shi ke nan.

Ba a dace ba. Kafin la'asar magana ta sauko daga wurin likitan tiyata: an ba wata mara lafiya ranar Alhamis ɗin, an mai da Yaya bayan mako uku.

Tun safe aka ba Yaya gado a ɗakin mata, na ƙarshe kusa da taga. Auta ya wuce mijinta a baranda yana ta kiran mutane a waya yana tambayar su rukunin jininsu. Matar Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce masa nas ta rufa masa asiri, in ya ga dama ya ce zazzaɓi ne. Ya gyaɗa kai. Har ya isa gadon bai san wanne zai faɗa ba.

Yaya ta riga ta cire rigar asibiti ta ninke. Tana zaune a bakin gado tana mai da kayanta cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, buroshi, silifas, cajar waya, kuma bayan kowane abu sai ta ɗan tsaya ta huta. Bai taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba. Ba ta ɗago ba.

"An ce ka faɗi," ta ce. "Allurar ce?"

Ga ƙofa ta buɗe masa, har da dariyar da za a yi a wuce wurin. Ya dubi hannunta a kan zif ɗin jaka, jijiyoyin sun fito, farcen fari fat. Mako uku za ta ƙara tana zubar da jinin da ba ta da shi, kuma shi ya jawo.

"Ba allura ba ce, Yaya. Magani nake sha. Na ciwon damuwa. Wata takwas. Na daina don kada ya shiga jikinki, kuma don kada ki sani. Dainawar ce ta kayar da ni. Ashe ma ba ya hanawa."

Hannunta ya tsaya. A gado na kusa wata tsohuwa na tari, wani ya wuce da keken abinci yana ƙara. Yaya ta kau da fuska wajen bango, shi kuwa ya fara fatan ta zage shi.

"Ciwon bayan nan," ta ce.

"Eh."

"Da na zo na same ka a kwance, na ce maka lalaci ne."

Ta ja zif ɗin, ya maƙale a rabi, ta bar shi haka. Ta tambaye shi ko maganin yana yi masa aiki. Ya ce yana yi. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, yana barci, yana jin daɗin 'yarsa, tambayoyi ƙanana a jere, da murya ƙasa-ƙasa wadda bai san tana da ita ba. Ya amsa duka. Sannan ta goge fuska da bakin mayafi, ta leƙa bayansa ta hango matarsa a ƙofa, ta yafito ta.

"Ki kai shi wurin likitansa yanzu, kafin su tashi. Ki tsaya a kansa."

Auta ya fara cewa zai nemo wani, zai bi shago-shago, zai sa a yi sanarwa, ba zai bari ta sake dogara da shi ba. Ta ɗaga masa hannu.

"A nema, ban hana ba. Amma kai ka koma kan abinka, ka ci, ka yi ƙiba. Ran da za a ɗiba ka sha shi da safe, a gabana in ka so." Ta miƙa masa jakar, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe a hankali. "Jininka nake jira, Auta. Yadda yake, da abin da ke cikinsa."